Ranar da Aka Kifa Mai Gemu

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tsayuwa wajen kan marasa lafiya a ɗakin tiyata. Shi ke sa su barci, shi ke zura musu bututun numfashi, shi ke zama yana gadin numfashin har a gama yanka da ɗinki, sannan ya tashe su. Ba likita ba ne, nas ne da ya ƙware a aikin sa barci, amma a asibitin nan babu mai tuna wannan bambanci. Baban Barci ake ce masa, tun daga masu shara har manyan likitoci. In aka kawo mai gajeren wuya ko mai ƙaton harshe, irin waɗanda bututu ke ƙin shiga maƙogwaronsu, ko loma ce a hannunsa sai an je an taso shi.

Ana nan sai ƙanensa ya dawo.

Autan gidansu ne, shekara goma sha huɗu ke tsakaninsu. Baban Barci ne ya riƙa goya shi a keke zuwa makaranta. Ranar da Auta ya fara leƙa ɗakin tiyata yana ɗalibi, jiri ya kwashe shi, yayan ne ya ja shi waje ya zaunar da shi ya ba shi ruwa, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu Auta ya gama dogon karatunsa, ya zama cikakken likitan sa barci, aka turo shi asibitin aka damƙa masa sashen gaba ɗaya.

A makon farko babu wanda ya kai Baban Barci murna. Ɗaki ɗaki ya riƙa bi da shi yana cewa, "Ga ƙanena." Ba a yi wata biyu ba maganar ta juye. Wata sabuwar nas ta leƙo ɗakin shan shayi ta ce, "Wai ina yayan Likita?" Ya waiga ya ga wa take nufi, sai ya ga shi take kallo. Daga nan sunan ya bi shi.

A gida ma bai tsira ba. Ya je gaida tsohuwarsu ya tarar tana matsa ƙafa, ya durƙusa zai duba, ta janye.

"Bar shi kawai, likitana zai zo da yamma."

Shekara ashirin shi ke auna mata jini, shi ke jera mata ƙwayoyi a ɗan akwati. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. Daga baya suna cikin mota ya gaya wa matarsa, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta dube shi ta gefen ido.

"Baban yara, ba dai kishi kake da ɗan da ka yi wa wanka ba?"

"Allah ya kiyaye. Kishin me?"

"Na dai tambaya ne," in ji ta, ta mai da kai ga taga.

Abin da ya fi ci masa rai wata takarda ce da Auta ya manna a bangon ɗakin tiyata, kan yadda za a riƙa kifa marar lafiya rub da ciki in aikin a bayan jiki yake. Wanda ke riƙe da kai shi kaɗai ke ƙirga, babu mai motsi sai ya ce uku. A duba lambar bututu a bakin haƙora kafin juyi da bayan juyi. Matashi ƙarƙashin ƙirji, matashi ƙarƙashin ƙugu, a bar ciki yana lilo don huhu ya samu wurin buɗewa. Kada komai ya danne ido. Gado mai taya ba ya barin ɗakin har a gama, ko da za a buƙaci mai da mutum rigingine da gaggawa.

Baban Barci ya karanta tun daga sama har ƙasa bai ga abu ɗaya da ba ya yi ba. Maganar gado mai taya kuwa, shekara nawa yana faɗa da masu tura gado a kanta, ana ce masa mai fitina. Yanzu an buga ta da inji an sa hannu a ƙasa, sai ga likitan jijiya, wanda kowa ke kira Oga, yana tsayawa gaban takardar yana kaɗa kai.

"Kun ga amfanin karatu. Tsarin Likita kenan, kowa ya bi."

Wanda aka kawo wata ranar Talata direban babbar mota ne, ƙato, wuyansa kamar a kafaɗa aka dasa kan, ga gemu cike da fuska har ƙirji. Jijiyar jinin da ke bayan gwiwarsa ta dama ce ta kumbura ta yi ƙullutu, in ka ɗora hannu sai ka ji tana bugawa. Oga ya ce ta baya zai shiga, dole a kifa shi. Allurar baya mai kashe ƙafafu ba za ta yiwu ba, don yana da tsohon rauni a gadon baya, aikin kuma mai tsawo ne. Sai dai barci gaba ɗaya, da bututu.

Da safe 'yan'uwan biyu suka je duba shi. Auta ya sa shi ya buɗe baki, ya ɗaga haɓa, sannan ya ce, "Malam direba, da za ka yarda a rage gemun nan, da aikinmu ya fi sauƙi."

Direba ya dafe gemun da hannu biyu. "Likita, in ƙafar ce ku cire ta gaba ɗaya, na yafe. Wannan kam da shi matata ta san ni. In na koma babu shi ba za ta buɗe mini ƙofa ba."

Matar tana zaune gefen gado da jaka a cinya. Ta ce, "Rabu da shi, Likita, ni na fi kowa son a aske."

Aka yi dariya. Direba ya dubi Baban Barci ya ce wa Auta, "Wannan mataimakinka ne?"

"Yayana ne. Shi ya koya mini aikin."

"Ikon Allah," in ji direba. "Ƙane ya wuce wa."

Bai faɗa da mugunta ba, har yana murmushi. Baban Barci ma ya yi murmushi. Kafin su shiga tiyata ya buɗe durowarsa ya yanko igiyar farin ƙyalle, kamu huɗu, ya naɗe ya sa a aljihun riga. Haka yake yi wa duk mai gemu. Filasta ba ta kama gashi, kuma wanda aka kifa yawunsa ƙasa yake zuba, daidai inda filastar take. Sai an zagaya igiya ta bayan wuya an ɗaure bututun tamau.

Ƙarfe tara da rabi direba ya yi barci a kan gado mai taya. Auta ya tsaya wajen kai, wurin da a da ba ya da mai shi sai mutum ɗaya. Ya ɗan sha wuya kafin bututun ya shiga, amma ya shiga. Ya saurari ƙirji dama da hagu, ya ce, "Ashirin da uku a haƙori." Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta rubuta. Sai ya ɗauko wata sabuwar filasta mai faɗi da ya sa aka sayo wa sashen, ya naɗe bututun, ya manna a kumatu bisa gashin, ya danna da babban yatsa.

Hannun Baban Barci ya shiga aljihu ya taɓa igiyar. Ya buɗe baki. Daidai nan Oga ya shigo da hannuwa a sama suna ɗigar ruwa, ya leƙa fuskar direba.

"Wannan ce sabuwar filastar? Kai, mun huta da ɗaure mutane da tsumma kamar buhun gawayi."

Aka yi 'yar dariya a bayan takunkumi. Auta bai yi ba, amma bai ce komai ba. Baban Barci ya zare hannunsa daga aljihu babu komai a ciki. A ransa ya ce, to, bari mu ga karatu. Bai yi nufin wani abu ya sami direba ba. Abin da ya hango shi ne filastar ta ɗan saki, shi kuma ya matso a natse ya ɗaure, kowa yana kallo.

Mutum shida suka kama. Auta ya cire tiyon na'urar numfashi daga bututun, ya tallafi kai da wuya, ya ƙirga, a uku suka mirgina ƙaton a hankali ya sauka rub da ciki a gadon tiyata. Aka mai da tiyo. Baban Barci ya gyara matasan, ya zura hannu ƙarƙashin tumbin ya tabbatar babu abin da ya tokare shi, ya lanƙwasa hannuwan a gefen kai bai bari sun wuce kafaɗa ba, ya sa auduga a gwiwar hannu. Auta ya durƙusa ya leƙa ta ƙasan matashin fuska, mai rami a tsakiya, ya ga ido da hanci babu abin da ya taɓa su. Ya sake sauraron ƙirji ta baya.

"Ashirin da uku. Bismillah, Oga."

Aka lulluɓe direba da korayen zannuwa, ba a ganin komai sai bayan gwiwarsa. Oga ya tsaga fata.

Minti ashirin da fara aiki Baban Barci ya sunkuya kamar zai ɗauki wani abu a ƙasa, ya leƙa. Yawu ya jiƙe gemun sharkaf, gefen filastar na hagu ya fara naɗewa. Ya ɗago. Auta yana tsaye yana yi wa Oga bayanin wani sabon magani, Oga yana cewa, "Ka ji, ka ji," bai ɗaga kai daga raunin ba. Baban Barci ya ce a ransa, bari ya gama surutun. Ya ba shi minti biyar. Da biyar ɗin suka cika ya ƙara masa wasu.

Oga ya ce a ɗan ɗaga ƙafar a karkato ta. Nas biyu suka ja, jikin duka ya motsa kaɗan, bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Layin da ke hawa da sauka a allon na'ura da kowane numfashi ya yi ƙaramin tudu, ya sake yin wani ƙarami, ya miƙe ɗoɗar. Na'ura ta fara kuka. Auta ya faɗa ƙasa kan gwiwoyinsa ya leƙa, ya ga lamba goma sha biyar a haƙori, filasta tana reto. Ya gwada turawa, bututun ya lanƙwashe a cikin baki.

"Bututu ya fita. Oga, a tsaya. Za mu juya shi."

"Yanzu? Na kusa kama jijiyar."

"Yanzu."

Muryarsa ba ta yi rawa ba, Baban Barci ya lura da wannan ko a lokacin. Oga ya cusa ƙyallaye a raunin, Sista ta manne shi da leda mai tsabta ta naɗe. Gado mai taya yana nan jikin bango inda takarda ta ce ya tsaya, aka jawo shi. Lambar iskar jini ta sauko daga casa'in da takwas zuwa casa'in da ɗaya, sautin na'ura yana ƙara yin ƙasa da kowane bugu. Auta ya ƙirga, suka mirgino direba rigingine.

Ya ɗora takunkumin iska a fuska ya matsa jaka, iska ta tsere ta cikin gemu. Tamanin da huɗu. Ya ɗauki ƙarfen leƙa maƙogwaro ya buɗe bakin. Harshe ya kumbura saboda kifawar, yawu ya cika ko'ina. Ya zuƙe, ya leƙa, ya tura sabon bututu, ya zame ya bi hanyar abinci. Ya zare. Saba'in da shida. Leɓunan direba sun fara yin toka-toka.

Auta ya ɗago. Idanunsa kawai ake gani a saman takunkumi.

"Yaya, zo."

Ya matsa masa. Baban Barci ya tura matashi ƙarƙashin kafaɗun, ya ɗaga haɓar da yatsu, ya ce wa ƙanensa, "Danna mini nan, ka ɗan yi dama." Ya leƙa bai ga ƙofar maƙogwaron ba, gefenta kawai ya hango. Ya zura siririyar sandar roba ya ji tana karo da zobban guringuntsin maƙoshi ɗaya bayan ɗaya, ya bi ta da bututun. Sista ta haɗa tiyo. Layin allo ya yi tudu. Lamba ta tsaya a sittin da tara kamar tana shawara, sannan ta fara hawa.

Ta yi ta hawa har ta kai casa'in da biyar. Baban Barci ya ciro igiyar daga aljihu, ya zagaya ta bayan wuya, ya ɗaure, ya sa auduga inda za ta ci kumatu. Suka jira minti goma, Auta ya duba idanun direba da bugun zuciyarsa, ya ce a ci gaba. Aka sake kifa shi. Ƙarfe ɗaya saura Oga ya yi ɗinkin ƙarshe, kuma da aka tashi direba ya buɗe ido, ya matse hannun Sista da aka ce ya matse, ya tambayi ruwa da dasasshiyar murya.

A wajen wanke hannu Oga ya dafa kafaɗar Baban Barci a gaban kowa.

"Tsohon hannu daban ne. Yau ka fitar da mu kunya."

Kafin azahar labari ya zaga asibiti. Masu tura gado suna ɗaga masa hannu daga nesa. Wata biyar yana jiran irin wannan rana. Kuma abin da ya fi ba shi tsoro, da ya laluba zuciyarsa, ya tarar akwai wani lungu a ciki da ke jin daɗi.

Ya sami Auta a ɗakin canza kaya, zaune a benci, da takardar rahoto a kan gwiwa. Ko hular tiyata bai cire ba.

"Na rubuta laifina ne," in ji Auta. "Na ga gemu na dogara da filasta. Kuma ban sake leƙawa ba bayan an fara. Yaya, da ba ka nan..."

"Na gani."

"Ka ga me?"

"Na ga ta fara saki. Tun minti ashirin da farawa. Igiyar ma tun safe take aljihuna."

Auta ya ajiye biro a kan benci. Ya daɗe yana kallon yayansa, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama.

"Me ya hana ka magana?"

"Oga ya ce tsumma."

"Oga ya ce tsumma," Auta ya maimaita a hankali. "Mutum yana kife, ba ya iya ko ɗaga yatsa, matarsa tana zaune a waje da jaka a cinya. Don Oga ya ce tsumma."

"Ba don shi kaɗai ba. So nake ka kasa. Sau ɗaya kawai, a gabansu."

"To na kasa. Ka ji daɗi?"

Auta ya cire hular ya murza ta a hannu.

"Sai ka zage ni, Yaya. Ka kira ni gefe ka ce kai yaro ba ka san komai ba, kamar yadda ka saba. Wallahi da na ɗaure." Ya ɗauki biron. "Zan rubuta nawa. Kai ma za ka rubuta naka, da hannunka. Gobe kuma mu je mu gaya wa mutumin."

"Har da shi?"

"Maƙogwaronsa ne."

Washegari da hantsi suka tsaya gefen gadon direba. Ƙafar tana naɗe a kan matashi, yatsun da ɗumi, aiki ya yi kyau. Auta ya yi bayanin nasa kashi ba tare da kwana-kwana ba. Sannan ya ja baya. Baban Barci ya faɗi nasa yana kallon ƙarfen gado. Matar ta sa hannu ta rufe baki. Direba ya daɗe yana shafa gemunsa.

"Wato kai ka gani ka yi shiru. Kuma kai ka mayar da bututun."

"Ni ne."

"Tsakaninka da ƙanenka ne, na gane wannan. Ni ma ina da 'yan'uwa." Ya yi tari, ya yamutsa fuska don zafin maƙoshi. "Amma ni me na yi maka?"

Baban Barci ya ce a yafe masa. Direba ya ce zai yi tunani, ya juya fuska ga bango. Matar ce ta raka su da ido har ƙofa.

Hukumar asibiti ta zauna a kan rahotannin biyu. Aka rubuta wa Baban Barci takardar gargaɗi, aka cire shi daga ɗakin tiyata wata shida, aka mai da shi ɗakin farfaɗowa, inda ake ajiye waɗanda aka gama wa aiki har barci ya sake su. Auta kuwa, shugaban asibiti ya karanta rahotonsa a taron likitoci ya ce haka ake son shugaba, mai faɗin kuskurensa da bakinsa. Da labarin ya iso wa Baban Barci yana cikin canza wa wata tsohuwa ledar ruwa, sai ya ji abin nan ya sake motsawa a ƙirjinsa, sabo fil, kamar ba a yi komai ba. Ko laifi suka yi tare, na Auta ya fi kyau.

Sati uku ƙanensa bai yi masa maganar da ta wuce ta aiki ba. Ƙofar ɗakin farfaɗowa tana da ɗan gilashi mai kallon barandar tiyata, ta nan yake ganin wata nas da aka ɗauko daga wani sashe ta maye gurbinsa, tana bin Auta da faranti a hannu, suna magana ƙasa-ƙasa. Ita ma ya ji haushinta, baiwar Allah da ko sunanta bai riƙe ba.

Wata Alhamis aka turo wani magini da aka cire wa ƙari a bayan gwiwa. Auta ne ya rako gadon da kansa. Ya miƙa takardu ya ce, "Awa biyu ya yi a kife. Fuskar ta ɗan kumbura, muryarsa ba ta fita sosai ba tukuna. Ban so na bar wa kowa shi ba." Ya yi jim kamar zai ƙara wani abu, aka kira shi daga baranda, ya tafi.

Baban Barci ya ɗaga kan gadon, ya gyara wa magini takunkumin iska, ya duba leɓunansa. Ya jawo kujera ya zauna daf da kansa, ya ɗora ido a ƙirjin yana ƙirga hawa da saukarsa.